Mas Kena Ya Zo Garinsu a Fasinja

Mijina, marigayi Elkanah Prendergast, wanda duk Port Selwyn, garinmu a Jamaika, ke kira Mas Kena, wato Malam Kena a bakin mutanenmu, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen sauke mutane daga jirgin ruwa, amma sai da furfura ta cinye masa kai kafin shi ya taka cikin jirgin da ƙafarsa. Ni ce Adina, matarsa, ni na raka shi wannan tafiya, saboda haka kada wani ya zo ya ba ku labarin a karkace. Na ji masu cewa wai kuka ya yi ranar. Ƙarya suke yi. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi, da ya yi da na gani.

Lokacin da na fara saninsa babu wannan ƙatuwar tasha ta siminti da ta tare mana teku yanzu. Jirgin masu yawon shaƙatawa can nesa yake jefa anga, bayan duwatsu, sai ƙananan jirage masu inji su yi ta jigilar fasinja zuwa matakalar dutsen da ke gaban kasuwa. Aikin Kena shi ne ya tsaya a dutsen ƙarshe, wanda gansakuka ya mayar kore, ya kama hannun duk wanda zai sauko. Shi ke nan aikin, ba wani abu. Ruwa na ɗaga ɗan jirgin yana saukewa, fasinja na tsaye a baki ya kasa tsallakowa, sai Kena ya damƙi wuyan hannunsa, ya jira ruwan ya kawo shi daidai, ya ce, "Yanzu, uwata," ko "Yanzu, maigida." Sai ka ga mutum a kan dutse yana dariya, bai san lokacin da ya tsallako ba.

Ni kuwa ina saman matakalar da tiren soyayyen kifi da bokitin zoɓo mai citta, ina kallonsa ina jin haushi ba gaira ba dalili.

"Kai mai riƙe hannun matan mutane," na ce masa wata rana, "ba ka jin kunya?"

"Mis Adina," ya ce, bai ko ɗago kai ba, "ke ma je ki shiga jirgin ki dawo, sai a riƙe naki."

"Allah ya sawwaƙe mini. Da wannan hannun mai ƙarnin kifi?"

Kafin shekara ta zagayo an ɗaura mana aure a cocin da ke kan tudu.

Kai, zamani! Fasinjan wancan lokacin ruwa kaɗai suke tsoro. Da zarar ƙafarsu ta taɓa dutse sai su bazu cikin gari kamar kajin da aka buɗe wa akurki. Ka gan su a kasuwa suna shinshina barkono suna atishawa, ka gan su a coci sun cire hula suna shan inuwa, ka gan su a tsakar gidan mutane suna tambayar sunan bishiya. A barandar Isilda, ƙanwar Kena, can kan tudu, na ga mata masu zoben zinariya suna cin kifi da hannu suna tsotsar ƙaya. Jirgi ya busa ƙaho da la'asar, sai gudu, takalmi a hannu, huluna na faɗuwa, mu kuma muna tafa musu muna cewa su bi gangara a hankali. Wasunsu duk shekara sai sun dawo, har su tambaye ka lafiyar yaron da ka ce yana tari bara.

Ba zan ce garinmu aljanna ba ne. Akwai masu naci waɗanda sai ka zage su suke rabuwa da kai, akwai kuma shekarar da wasu ƴan iska suka fizge wa wata mata jaka a bayan gidan waya, maganar ta yi nisa har ƙetare. Amma wane gari ne a Jamaika, ko a duniya ma, ba shi da ƴan iskansa?

Sai kamfanin jiragen ya zo ya gina tasha, jirgi ya riƙa jingina da ƙasa kai tsaye. Suka zagaye wurin da doguwar katanga ta ƙarfe, suka gina kantuna a ciki masu fenti irin na gidajenmu, har da baranda, har da rufin kwano, gari guda na wasan yara. Fasinja ya sauko, ya sayi riga da giyar rake a ciki, ko mota ta ɗauke shi tun daga ciki ta kai shi wurin da ruwa ke zubowa daga dutse ta dawo da shi, gilashi a rufe. Jiragen suka ƙara girma, mutanen suka ƙara yawa, mu kuwa muka daina ganin ko ɗaya. Matakalar dutse ta zama wurin wanke kifi.

Da wani ne, da ya kama shan giya. Kena awaki ya kama kiwo. Ranar jirgi sai ya fito da kujerarsa baranda ya zauna yana kallon abin can ƙasa, fari fat, ya fi cocinmu tsayi ninki ba ninki.

"Mutanen ba su canza ba, Adina," yakan ce. "Ba wanda ya gayyace su ne kawai. Wa zai shiga gari ba wanda ya ce masa shigo?"

"Tsoronmu suke ji, malam. Ka daina yaudarar kanka."

"Tsoron wa? Tsoronki? To, ke kam da gaskiyarsu."

Haka muke yi, shekara da shekaru.

Ƴarmu Novlet nas ce a Florida, can Amurka. Ita ce ta bugo waya wata Lahadi ta ce ta saya mana tafiyar mako guda a jirgin, kyautar zagayowar ranar aurenmu, kuma ta zaɓi wanda zai tsaya a Port Selwyn.

"Tsaya," na ce, "ban gane ba. Mu hau jirgin sama mu je Florida, don mu shiga jirgin ruwa ya kawo mu gida?"

"E, Mama."

"Wannan wane irin hauka ne?"

"Ba Baba wayar."

Na ba shi. Bai ce komai ba sai "To, to, to," amma na ga yadda ya riƙe wayar da hannu biyu. Washegari ya kai kwat ɗinsa ta coci wajen tela a saki masa ciki.

Jama'a, jirgin nan! Na ɗauka na san girmansa tunda kullum ina ganinsa daga baranda. Ashe ban san komai ba. Lif na gilashi, tafkin wanka a sama wani bisa wani, wurin da ake zamiya a kan ƙanƙara a tsakiyar teku mai zafi, abinci kuwa tun asuba ba a ɗauke shi. Ka fita ɗaki ka dawo, an naɗe maka tawul kamar giwa an ajiye a kan gado. Kena ya hana ni taɓa giwar, wai aikin mutum ne. Da rigarsa ya goge fuska ranar.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙorafi. Mutane cikin wannan ni'ima, bakinsu bai huta ba. Wannan kofi bai yi zafi ba, wancan matashin kai ya yi tauri, intanet na jan ƙafa, wasu sun tashi tun duku-duku sun shimfiɗa tawul a kujerun bakin tafki sun koma barci, sauran na ta kumfar baki. Wata mata ta tare ni a lif tana tambayata ko na lura jirgin bara ya fi wannan yawan cakulan a kan matashi. Na ce mata ni bara awaki nake ba dusa.

Dokar jirgin ita ce kowane maraice tebur ɗaya za ka zauna, da mutanen da aka haɗa ku, har tafiya ta ƙare. Mu aka haɗa mu da wasu tsofaffi irinmu daga Ohio ta Amurka, Mista Walter Brubaker da matarsa Misis Lois. Walter siriri ne dogo, tsohon mai raba wasiƙu, mai ja da baya ya bar kowa ya riga shi shiga ƙofa. Lois gajera ce mai ciwon gwiwa da yawan ƙorafi, amma ba ta da mugun ciki. Tun ranar farko ta ba ni man zafinta. Shi da Kena kuwa kamar tare aka yaye su. Mutum biyu ne da suka ƙare rayuwarsu a tsaye, sai hirar takalmi da ciwon baya da karnukan mutane.

Maraice na biyu Walter ya tambaye mu daga ina muke. Da Kena ya ce Port Selwyn, sai mutumin ya ajiye cokali.

"Lois! Kin ji? Port Selwyn!" Ya juyo gare mu, idonsa na ƙyalli. "Can muka je muna ango da amarya. Ƙaramin jirgi ya kai mu wata matakala mai santsi, Lois ta ce ita ba za ta sauka ba ko za a kashe ta. Sai wani mutum ya kama hannunta, kafin ta gama ihu tana kan dutse."

"Ban yi ihu ba," in ji Lois.

"Kin yi. Muka hau tudu, wata mata ta ba mu kifi a barandarta. Ban sake cin kifi irinsa ba, Kena, har yau."

Ko Kena ne ya kama hannun, ko marigayi Mas Obadiah da suke karɓa-karɓa, oho. Kena bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Gyara zama kawai ya yi, ya ce, "Mista Walter, tudun yana nan, barandar tana nan. Ranar da jirgi ya tsaya, ku baƙina ne. Gidan ƙanwata za mu ci abincin rana."

"Kai, da mun ji daɗi!" in ji Walter.

"Ai kuwa da mun so," in ji Lois.

Muna komawa ɗaki ya ce in nemo masa lambar Isilda. Na ji da kunnena yana cewa a yanka baƙin bunsurun nan, wanda ya ƙi sayarwa lokacin Kirsimeti duk da roƙon mahauta.

"Kena," na ce, "maganar tebur ce fa. Mutanen nan haka suke cewa 'da mun so' ko ruwan sha ka miƙa musu. Ba alkawari ba ne."

"Mutum ya ce zai zo gidanka, ba alkawari ba ne? To mene ne?"

"Ka bar bunsurun ya ga safiya dai."

"Adina, shekara nawa ina ce miki gayyata ce babu? To ga shi na gayyata. Ki zuba ido."

Nan na gane ba maganar bunsuru ba ce. Duk abin da ya zauna a baranda yana faɗa wa kansa tun da aka kafa katangar nan, shi ya ɗora a kan mutum ɗaya mai raba wasiƙu daga Ohio. In Walter ya ƙetare ƙofar tasha ya hau tudu, Kena ya yi gaskiya. In bai ƙetare ba, ban san abin da zai rage masa ya riƙa kallo daga barandar ba. Tsoro ya kama ni.

Ana gobe za mu isa, aka kira fasinja babban zauren wasa don bayanin tasha. Wata yarinya mai fararen haƙora ta hau dandali da makirfo, aka haska taswirar garinmu a bango. Cikin katanga kore. Wajen katanga ja, duk da kasuwa, da coci, da tudu. Ta ce ba wai tana tsorata kowa ba ne, amma wanda zai fita ƙofa ya cire zobe da agogo, kada ya ci abin da ba a san inda aka dafa ba, kada ya bi duk wanda ya ce shi abokinsa ne, kuma ya sani in ya makara jirgi ba ya jiran kowa. Ta ƙara da cewa wanda ya zauna a jirgi ranar, tafki nasa ne shi kaɗai, an kuma rage kuɗin tausa.

Hannaye suka tashi. Wani ya ce akwai ƴan sanda a ƙofar? Wata ta ce ruwan kwakwarsu ana iya sha? Wani ƙato a bayanmu ya ce shi ya karanta a waya cewa ko tasi ba a shiga a garin nan. Wani kuma tambayarsa ita ce ko za a buɗe wurin gasa nama na bene na sama ranar.

Jinina ya tafasa. Na yunƙura zan miƙe in ce mata wannan jan da ta shafa, nan na haifi ƴata, nan uwata take kwance. Kena ya riƙe gefen siket ɗina ya mayar da ni kujera. Idonsa na kan taswirar, yana bin layinmu da kallo. A hankali ya ce, "Sun manta ba su sa famfon kwanar gidan Isilda ba."

Da maraice Lois ta fara da gwiwa. Ta ce tudu ba nata ba ne yanzu, ta kuma riga ta rubuta sunanta a wurin tausa. Ba ta iya kallon idona ba. Walter ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce ɗansu ya turo masa saƙo daga gida, ya ce kada su kuskura su fita ƙofa.

"Amma ni zan zo," ya ce. "Na faɗa, zan zo."

Kena ya kalle ni ta gefen ido. Na san kallon, na ƙyale shi.

Washegari da hantsi jirgi ya shigo Port Selwyn. Muka hau bene na can sama muka tsaya, kuma a karo na farko a rayuwata na ga garinmu yadda baƙi suke ganinsa. Wayyo, ashe haka yake da kyau! Rufin kwano ja da tsatsa suna hawa tudu, bishiyoyin mangwaro, farin cocinmu, hayaƙi na tashi daga bayan gidan Isilda. Kena ya nuna mini matakalar dutse can gefe, ƴar mitsitsiya, wata mata na wanke kifi a kai. Ya daɗe yana kallonta.

Walter ya same mu a bakin gadar sauka daga jirgi da ƙatuwar hula. Babu agogo, babu zobe, sai farin zagaye a yatsa inda zoben yake zama. Rigarsa ta yi tudu a ciki inda ya ɗaure jakar kuɗi. Amma ya zo, wannan kam a yaba masa. Muka ratsa garin wasan yaran nan, ƴanmatan unguwarmu da ke aiki a kantuna suna ta leƙowa.

"Mas Kena! Kai ne da katin fasinja a wuya kamar Bature?"

"Ni ne, ƴata. Yau sai ki ce mini ranka ya daɗe."

"Mis Adina, ki sayi riga mana, za mu yi miki farashin baƙi!"

"Uwarki za ki yi wa," na ce, suka fashe da dariya.

Walter ma ya yi murmushi, ko da yake bai ji rabin abin da ake faɗa ba, don mu in muka saki harshen gida, mutumin Ohio sai dai ya kalli baki. Muna matsowa ƙofa tafiyarsa na raguwa.

Abin da ban sani ba, Isilda ba ta iya riƙe magana. Duk garin ya ji cewa Mas Kena zai fito da fasinja ta ƙofa, da ƙafa, zuwa tudu, abin da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Direbobin tasi sun bar motocinsu. Matan coci sun zo da hulunan Lahadi. Tsofaffin da suke kiɗa a matakala a da sun kakkaɓe gangunansu. Kowa ya matse jikin katanga yana jira tun safe, rana ta dafa su.

Mai gadi ya buɗe ƙofa. Wani ya ƙwala ihu, "Ga su nan! Ga baƙon Kena!" Ganguna suka ɓarke, jama'a suka yo kanmu gaba ɗaya.

A gabansu duka Hopeton ne, ɗan Isilda, mai sayar da ɗanyar kwakwa. Hopeton ƙato ne, ƙofar gida da ƙyar take ɗaukarsa, ga murya kamar ta jirgin kansa, amma ko kaza ba ya iya yankawa. Tun yana ƙarami yake jin labarin yadda ake tarbar baƙo a matakala: ka fille kan kwakwa a gabansa da sara ɗaya, ka miƙa masa ya sha da sanyinta. Ya kwana yana wasa addarsa don wannan. Sai ga shi ya keto jama'a da gudu, ba riga, gumi na zuba, kwakwa a hagu, adda a sama a dama tana walƙiya, yana ruri, "Ku ba ni hanya! Ni zan fara!"

Ni na san abin da nake gani. Walter kuma ya ga abin da aka faɗa masa jiya zai gani.

Fuskarsa ta koma kalar toka. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya koma bayan mai gadi, hannunsa dafe da ciki. Addar ta sauka, kan kwakwa ya yi tsalle, Hopeton ya miƙa ta da hannu biyu yana washe baki. Ba kowa a wurin da zai karɓa.

"Mista Walter," in ji Kena a hankali, "ɗan ƙanwata ne. Ruwa ya kawo maka."

"Kena, ka yi haƙuri," in ji Walter. "Maganin Lois... yana aljihuna. Na manta ban bar mata ba. Ka yi haƙuri." Ya juya. Bai yi gudu ba, amma kaɗan ya rage. Muka bi hular da kallo har ta shige tsakanin kantuna.

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Hopeton na tsaye, ruwan kwakwa na bin hannunsa.

"Kawu," ya ce, "ni na kore shi?"

"A'a, ɗana. Matarsa ce ba lafiya, ba ka ji ba?" Kena ya karɓi kwakwar ya kafa kai ya shanye. "Ai ni ma fasinja ne yau. Ku buga mana, mu je."

Suka buga, amma kowa ya san ba wannan kiɗan ya zo yi ba. Muka hau tudu. An share layin tas, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an aro kujerun coci. Isilda ta shimfiɗa farin mayafin tebur ɗin da ba ta fitarwa sai biki ko mutuwa, ta jera naman bunsuru da kori, shinkafa da wake da aka dafa da madarar kwakwa, soyayyar ayaba, kifi, zoɓo da ƙanƙara. Ta fito baranda tana goge hannu, ta leƙa bayanmu.

"Yaya, ina baƙon?"

"Ga mu," in ji Kena.

Ta kalle ni, na girgiza mata kai, ta haɗiye sauran maganar. Nama dai bai yi asara ba, rabin gari ya ci. Isilda ta cika wa yayanta faranti har yana zuba, ta ƙara, ta sake ƙarawa, don ba ta san wata hanyar ba shi haƙuri ba. Shi kuma ya cinye duka don kada ta ji ciwo. Ya yi wasa da kowa, ya tambayi awakinsa. Sau ɗaya kawai na kama shi yana kallon gangara, ko wani zai ɓullo.

Da jirgi ya busa ƙaho na ce masa, "Kena, mu zauna. Ga gidanmu can. Sai Novlet ta sa a turo mana akwatunan. Me za mu koma yi?"

"In ba mu koma ba, mutumin nan zai zauna a tebur ɗin nan ya ga kujeru biyu ba kowa. Ba zan yi masa haka ba."

"Shi me ya yi maka?"

"Ɗauko jakarki, Adina."

Na ɗauko ina masifa har ƙasa.

Jirgi ya tashi rana na shirin faɗuwa, aka buga ƙararrawar abinci. Mun tarar da su a zaune. Lois ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali. Walter kuwa kamar wanda aka tono daga kabari, burodin gabansa ko taɓa shi bai yi ba. Kena bai gama zama ba ya fara.

"Kena, ban san abin da zan ce ba. Na hau sama na yi ta kallon tudun. Na ji kunyar kaina, wallahi na ji." Ya ɗago ya dube shi. "Ka gaya mini gaskiya. Allah ya sa ƙanwarka ba ta wahalar da kanta saboda ni ba."

Na buɗe baki. Duka na tanada: bunsuru, farar ƙasa, kujerun coci, Hopeton da ya ƙi cin abinci ya zauna bayan gida. Sai na ji takalmin Kena a kan ƙafata, da ƙarfi.

"Wahala?" Kena ya yi dariya har da buga tebur. "Ai Allah ne ya rufa mini asiri da ba ka zo ba, Mista Walter. Ƙanwar nan tawa ta rikita ranaku, ta ɗauka sai mako mai zuwa. Muka tarar ko wuta ba ta hura ba. Shayi da busasshen burodi aka ba mu. Da ka zo, da ina zan sa fuskata?"

"Da gaske?"

"Tambayi Adina."

Duka suka juyo gare ni. Ban taɓa jin mutumin nan ya yi ƙarya ba, ko ta wasa, ko don ya kuɓuta daga bakina. Na ce, "Shayin ma ba madara."

Walter ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko. Lois ta ɗago kai ta ce ai kuwa yunwa ta kusa kashe mu, ta ɗaga hannu ta kira mai kawo abinci, ta ce a kawo wa Mista Kena babban yankin naman sa, da dankali, da miya, a ninka masa.

Aka dire farantin a gabansa, ya kusa faɗin tire. Ni na san abin da ke cikin cikinsa, don a gabana Isilda ta ɗura masa. Ya kalli naman, ya ɗauki wuƙa da cokali, ya fara ci da sauri kamar wanda ya wuni da shayi. Walter na kallonsa yana murmushi, shi ma ya jawo nasa ya kama ci. Ina ganin gumi na tsattsafo wa Kena a goshi, ina ganin yadda kowace loma take tsaya masa a wuya kafin ta wuce. Ban taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba, ban kuma taɓa sonsa kamar lokacin ba. Bai bar ko ɗan dankali a farantin ba.